Mikail da Shafin Jana'izar Zaitawa

In ka tambayi mutanen Zaitawa sana'ar ƙanena Mikail, wasu za su ce maka gyaran waya yake yi, wasu su ce ai ba ya komai sai danne-danne. Duka ba haka ba ne. Shafukan intanet yake rubuta wa mutane, masu makarantu da masu sayar da atamfa da duk wanda ya ga maƙwabcinsa yana da shafi shi ma ya ce sai ya yi. Na gaji da yi wa dangi bayani, shi ma ya gaji, har ta kai in tsohuwa ta miƙo masa waya ta ce ba ta caji, karɓa kawai yake yi ya hure ramin cajin ya mayar mata. Abin haushin, sau da yawa sai ta yi.

Shi ne autanmu. Yaya Mustafa ne babba, sai ni Bahijja, sai aka daɗe kafin a sami Mikail, don haka kusan a bayana ya girma. Tun yana ƙarami ba shi da hayaniya, amma yana da wani hali mai gajiyar da mutum. In ka aike shi sayen daddawa bai samu ba, ba zai ɓuya a lungu yana wasa kamar sauran yara ba. Dawowa zai yi ya ce maka babu, ya gaya maka gidajen da ya shiga, da dalilin da ya sa babu, da inda ake sa ran samu gobe. Innarmu, Allah Ya jiƙanta, takan ce masa, "To na ji, ba shari'a muke ba."

Babanmu Malam Sabo baduku ne, kuma ya so Mikail ya gaji zauren. Yaron ya zauna kan fata ya ɗinka takalmi ƙafa ɗaya, ya ce idanunsa na ciwo. Idanun nan ba su taɓa ciwo a gaban kwamfuta ba. A wani shagon buga takardu ya fara koyo, ya yi difloma daga baya, sauran kuma shi ya koya wa kansa. Yanzu ya haura talatin, sanƙo ya fara leƙo shi, bayansa ya ɗan ranƙwafa, kullum ka gan shi kamar wanda ya sauko daga motar Legas. Masu ba shi aiki ba su san abin da suke so ba sai ya gama, sannan su ce ba haka suke nufi ba. Ban taɓa jin ya ɗaga musu murya ba, sai dai ya murza ido ya ce, "To, Alhaji, za a gyara."

Wata damina soron Baba ya rufta. Allah Ya kiyaye yana masallaci. Yaya Mustafa ya ɗauke shi ya kai shi gidansa can bayan Ƙofar Kabuga, gidan siminti mai get da famfo, Mikail kuma ya zauna a ɗakin da ya rage a Zaitawa. Kowa ya ce Baba ya huta. Baba bai huta ba, don a lokacin kunnensa ya riga ya tafi, sai ka kafa baki a na hagu ka ɗaga murya kafin ya ji, kuma an raba shi da abin da ya fi riƙewa a duniya bayan salla. Mutumin nan tun da na yi wayo ban san an yi jana'iza a unguwarmu babu shi ba. A cikin birni ba sai an gaya maka ba, kana leƙowa ka ga ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar wani gida ka san abin da ya faru. A Kabuga babu abin da yake gani sai katangar maƙwabta. Kuma a wajenmu gawa ba ta jiran kowa: mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta.

Akwai wanda Baba yake wa wannan fargaba musamman, wato Baba Lawal. Tare suka yi makarantar allo, tare suka tsufa a zaure ɗaya suna yankan fata suna musu. Sun yi wa juna alkawari tun suna da ƙarfinsu cewa duk wanda ya riga, ɗayan zai tsaya masa a sahun gaba, ya kuma sa kafaɗarsa a makara. Lokacin da aka kai Baba Kabuga, Baba Lawal yana kwance ɓarin jikinsa ya shanye. Duk wanda ya je gaishe da Baba, kafin ya gama amsa sallama zai ce, "Yaya Lawal?" da wannan babbar muryar ta wanda ba ya jin kansa.

Za ka ce ai sai a buga masa waya. Ba ya ji. A tura masa saƙo? Wa zai tura? Ranar rasuwa kowa kansa ya ɗauki zafi, wanda kuma ya tuna da shi ɗin, da gangan zai yi shiru. Haka muke yi. Tsoho mai hawan jini ba a gaya masa rasuwa kai tsaye, sai dai a ce jikin wane ya yi tsanani, ko a bari sai an binne a tura manya su je su zauna, su yi ta kewaye-kewaye kafin su faɗa. Baba ya san wannan sarai, don shi ma an sha tura shi.

Wannan ne ya sa Mikail ya yi shafin. Ba wani abin kallo ba ne, farin fili ne da manyan baƙaƙe. Ya shirya da Malam Umar na'ibin masallacinmu, wanda dama shi ke sanar da rasuwa a lasifika, cewa in ya gama sanarwa ya rubuta sunan mamacin da lokacin salla a wayarsa. Rubutun zai tafi wata kwamfuta da ke riƙe da shi, suna ce mata saba. Ita kuma tsohuwar wayar Baba, wadda ya ƙi yarda a sauya masa, aka buɗe mata shafin aka jona ta da caji, aka jingine ta da bango kusa da buzunsa.

Na tambaye shi wata rana, na kai masa tuwo daga gidana a Gwammaja. Na ce, "To Baba da bai iya danna komai ba, wa zai riƙa sabunta masa shafin?"

Ya ce, "Ba sai an taɓa ba, Yaya. Shafin da kansa yake aika tambaya lokaci-lokaci, ko akwai sabon labari. Kuma ba ya tsayawa cak yana jira. Kamar ke ce ki aika a sayo miki gishiri, ai ba sauke tukunya kike yi ki zauna a ƙofa ba. Kina ci gaba da girkinki, in an kawo ki zuba."

Na ce na gane, ya ci tuwonsa.

Abin ya yi aiki har mutanen unguwa da suka koma bayan gari suka fara buɗewa. An ɗan sha kunya sau ɗaya, da yana gwaji ya ƙirƙiri wani suna da yake ganin babu mai shi, ya manta a Kano duk sunan da ka haɗa akwai mai amsa shi. Kafin azahar mutane sun fara sallama a ƙofar wani bawan Allah da ke zaune yana shan fura. Mikail ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri, tun daga nan in zai yi gwaji sai ya rubuta, "Gwaji ne, babu wanda ya rasu."

Sai Alhaji Jibrin mai turare ya rasu, wanda Baba ya yi maƙwabtaka da shi tun kafin a haife mu. Malam Umar ya rubuta a kan lokaci, masu manyan wayoyi duk sun gani. Baba yana zaune a Kabuga yini guda, wayar tana gabansa tana nuna masa babu sanarwa. Sai washegari wani ya je masa gaisuwa, yana zaton ya sani.

Ina wurin lokacin da Mikail ya zo. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Kallonsa kawai ya yi ya ce, "Mikail, wayarka ce min ta yi kowa lafiya." Daga nan ya juya ya ɗauki carbinsa. Na ga fuskar yaron nan ta zube, tausayinsu su biyun ya kama ni har na rasa wanda zan kalla.

Da ya bincika ya gano inda matsalar take, ya yi min bayani irin nasa mai tsawo, ni kuma wannan karon na saurara. Ashe ba shi ya rubuta sashen da ke aika tambayar ba. Akwai wani ƙunshin rubutu da masu sana'arsu suke ara, suna ce masa laburare, kowa da shi yake aiki don yana rage wahala. Amma sai waya ta fara sauko da shi gaba ɗaya daga wani wuri can kafin ta iya aika ko tambaya ɗaya. A ranar an ɗauke wuta, wayar ta mutu, matar Yaya ta kunna ta ta buɗe shafin. Sabis ɗin ɗakin Baba kuwa sai a hankali. Shafin ya buɗe, ƙunshin ya maƙale a hanya, babu tambayar da ta fita, kuma babu abin da ya nuna haka. Wayar ta yi ta nuna labarin jiya da fuskarta fes.

Ya ce, "Yaya, laifina ne. Na ɗauko babbar mota don ta kai allura, ga shi lungun bai ci ta ba."

Na ce, "To yanzu fa?"

Ya ce zai zubar da aron ya rubuta da hannunsa, don ita kanta manhajar da ke buɗe shafi a waya ta iya aika tambaya ba tare da taimakon kowa ba, mutane ne suka saba da ɗan rakiya. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Ya cinye masa sauran daminar.

Da farko ya yi da sabuwar hanya, wadda suke kira fetch, gajeriya mai kyau, ta yi aiki a kowace waya ban da ta Baba, don ta tsufa ba ta san da ita ba. Ya koma tsohuwar hanya mai wani dogon suna da ko a bakinsa sai ya yi tuntuɓe. Ita kuma komai sai ka gaya mata: in amsa ta zo ga abin da za a yi, in saba ta ce akwai matsala ga abin da za a yi, in an yi ta jira shiru a haƙura da wannan aiken a sake wani. Sai kuma ya gano wayar tana da wani lalaci, in ta taɓa jin amsa sai ta ajiye ta, a sake tambaya ta miƙo tsohuwar ba tare da ta je ko'ina ba. Dole ya riƙa liƙa wa kowace tambaya lokacin da aka yi ta, don wayar ta ɗauka sabuwa ce ta tashi ta je.

Duk wannan yana yi ne tsakanin ayyukan mutane, ga wata makaranta da ta sa shi gaba kan launin shafinta, yau kore gobe shuɗi. Ya ari wata waya irin ta Baba sak, ya riƙa yawo da ita yana neman inda sabis ya fi muni. Ka gan shi a tsohon zaure mai kaurin bango, ka gan shi a lungun da ko rana ba ta shiga, yana tsaye ya ƙura wa waya ido. Wata maƙwabciyarmu ta ja ni gefe ta ce a nema masa rubutu ya sha. Ya rame, idanunsa suka faɗa, in na ce ya huta sai ya ce, "Baba Lawal ai ba jirana zai yi ba."

Abin da ya fi ɓata wa lokaci wani ɗan layi ne a ƙasan shafin. In tambaya ta je ta dawo, layin zai yi kore ya rubuta, "An duba yanzu, babu sanarwa." In ba ta dawo ba, ya yi ja ya rubuta, "Ban samu labari ba, a tambayi mutane." Ya je Kabuga ya kafa baki a kunnen Baba ya yi masa bayani har muryarsa ta dushe. Baba ya daɗe yana kallon layin, sannan ya ce, "Wato in ba ta sani ba za ta ce ba ta sani ba?" Mikail ya gyaɗa kai. Baba ya ce, "To ta fi mutane."

Aka shiga rani, aka fita. Wayar ta kawo wa Baba rasuwa da dama, wasu ya je wasu jiki bai bari ba, amma babu wadda ta wuce shi bai sani ba. A tsakanin nan jininsa ya taɓa hawa har aka kwantar da shi, likita ya ja wa Yaya Mustafa kunne cewa a kiyaye masa tashin hankali.

Ranar da Baba Lawal ya cika ina Zaitawa, na je da safe duba wata mai jego na biya ta wajen Mikail. Muna zaune muka ji salati daga lungun su Baba Lawal, ba sai an gaya mana ba. Ko minti nawa ba a yi ba wayar Mikail ta yi ƙara. Yaya Mustafa ne, kuma ina jin muryarsa daga inda nake.

"Ka ji abin da ya faru ko? To ka tsayar da abin nan naka. Kada ya shiga wayar Baba. Mun yi magana da 'ya'yan marigayin, sai an dawo daga maƙabarta za mu je da liman a gaya masa."

Mikail ya ce, "Yaya, in na tsayar, kore za ta nuna masa. Ce masa za ta yi babu sanarwa."

"To ta ce mana! Yau aka fara? Kai in ya yanke jiki ya faɗi, kai za ka tashe shi? Ina gaya maka magana kana kawo min zancen kore da ja."

Yaya ya kashe wayar. Ba zan ce Yaya ba shi da gaskiya ba, shi yake kai Baba asibiti, shi ya ga yadda aka sha fama. Ni kaina tsoro ne ya cika ni. Kwamfutar tana buɗe a gaban Mikail, kuma na san abin ba zai ɗauke shi komai ba, layi ɗaya zai taɓa. Lasifikar masallaci ta yi ƙara, Malam Umar ya fara sanarwa, yana gamawa kuma zai rubuta. Mikail ya sa hannu biyu ya murza fuskarsa, ya daɗe a haka. Sai ya rufe kwamfutar ya miƙe.

Ya ce, "Yaya Bahijja, taso mu je. In zai gani, gara ya gani muna kusa."

Muka tari adaidaita, ga cunkoso a hanya kamar an shirya mana. Saƙon ya riga mu nesa ba kusa ba. Muna shan kwanar layin su Yaya muka hango Baba a bakin get, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a a karkace, hula a hannu, sanda a ɗaya hannun, yana ɗaga wa duk abin hawan da ya gifta. Matar Yaya tana bayansa tana roƙonsa, shi ko jin ta ba ya yi. Da ya gan mu bai tambayi komai ba. Ya shigo adaidaitar ya zauna, ya ce, "Bayan azahar ne. Za mu samu."

Muka samu. Ni ina cikin gida wajen mata, amma da aka fito da makara na leƙa ta tagar soro. Na ga an buɗa wa Baba hanya, ya miƙa wa wani sandarsa, ya sa kafaɗarsa a gaba ta dama. Taku kaɗan ya yi, kuma Mikail ne a bayansa ya ranƙwafa yana ɗauke da nauyin duka, amma ya yi. Yaya Mustafa yana gefe, fuskarsa kamar hadari.

Jinin ya hau kamar yadda Yaya ya ce. Baba ya kwanta har muka tsorata, dangi suka yi ta zuwa dubiya suna harara ta gefen Mikail, wata gwaggonmu ta ce dama abin da boko ke jawowa ke nan. Yaya Mustafa ya daɗe ba ya amsa masa gaisuwa sai da ka. Babu wanda ya ce masa sannu, shi ma bai nema ba. Ya koma wajen mai makaranta, wanda a lokacin ya yanke shawarar a mayar masa da launin shafinsa kore.

Da Baba ya samu sauƙi muka je gaishe shi tare. Yana zaune a kan buzunsa, wayar tana jingine inda ta saba, ɗan layin nan yana kore. Ya sa hannu ya zare ta daga caji, ya naɗe igiyar a hankali kamar yadda yake naɗe zaren ɗinki, ya miƙa wa Mikail.

Mikail ya matsa kusa da kunnensa ya ce, "Baba, ta lalace ne? In gyara?"

Baba ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Ungo, Allah Ya yi maka albarka. Sunan da ya rage nawa ne, ba ni zan karanta shi ba."

Mikail ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihu. Muka hau adaidaita muka kama hanyar komawa, har muka shigo ta Ƙofar Kabuga. Da zan sauka na ga ya ciro ta yana dubawa, bai kashe ta ba. Har yau tana ɗakinsa a Zaitawa, jingine da bango kusa da kwamfutarsa, kuma ko yana tsakiyar aikin wa, ba ya daɗewa bai waiga ya kalle ta ba.